Darasin gwaji kyauta ga sabon ɗalibi: ya dace mai koyarwa ta intanet ya bayar?

Malama, na karanta tambayarki. Kin ce kina koyar da Turanci ta intanet, manya da yara, kuma abokan sana'a sun matsa miki cewa a wannan zamanin ba a samun ɗalibi sai an ba shi darasin farko kyauta. Kin gwada na ɗan lokaci. Wasu sun zo sun kwashi karatun awa guda, sun yi godiya, ba ki ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wasu ma sun kama lokaci ba su leƙo ba. Kina son sanin ko ki ci gaba ko ki daina.

Shawarata ita ce ki daina ba da cikakken darasi kyauta, amma kada ki rufe ƙofa. Ki ware ganawa ta minti 15 zuwa 20 wadda ba a biya, don ku san juna ki kuma auna inda ɗalibin ya tsaya. Darasin farko na sosai kuwa a biya shi, tare da alƙawarin cewa in bai gamsu ba za ki mayar masa da kuɗinsa. Akwai yanayin da nake sassauta wannan ra'ayi, zan zo kansa.

Zan fara da ɓangaren ɗalibi, domin yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya ga hotonki da ɗan bayaninki a shafi, aka ce ya turo kuɗi, cinikin biri a sama ake nema ya yi. Bai san ko muryarki tana fita ba, bai san ko kina da haƙuri ba, bai ma tabbatar ke ce mai hoton ba. In uwa ce ko uba, abin ya fi haka nauyi, don za su bar ɗansu shi kaɗai da baƙuwar fuska a gaban kwamfuta. Masanin tattalin arziki Phillip Nelson ya rarrabe kayan sayarwa tun a 1970: akwai waɗanda ake gane ingancinsu kafin a saya, akwai waɗanda sai an yi amfani da su tukuna. A 1973 Michael Darby da Edi Karni suka ƙara rukuni na uku, wato abin da ko bayan an yi amfani da shi mai saye ba ya iya tantance ingancinsa nan take, kamar aikin gyaran mota. Koyarwa ta haɗa na biyu da na uku, kuma a nan ne amsar tambayarki take.

Abin da ɗalibi zai iya ganewa da idonsa da kunnensa ba ya buƙatar awa guda. Ko kin zo kan lokaci, ko sautinki a tace yake, ko sabis ɗinki yana yankewa, ko yana fahimtar lafazinki, ko kina barinsa ya ƙarasa magana kafin ki yi gyara, ko yaro ya sake da ke ko ya noƙe, duk wannan yana fitowa fili kafin minti 15. Abin da yake so ya sani da gaske kuwa, wato ko bayan wata 6 zai iya buɗe baki a gaban mutane, ko yarinyar za ta ci jarrabawa, darasi ɗaya ba zai nuna masa ba, ko biyar ma ba za su nuna ba. Ke nan minti 40 ɗin da kike ƙarawa a kai ba sa ƙara masa wani sani da zai yanke shawara da shi. Karatu kawai yake samu, ke kuma lokacinki ya tafi.

Kuma lokacin nan shi ne jarinki gaba ɗaya. Al'adar "gwada kyauta" ta yi ƙarfi a intanet ne ta hannun kamfanonin manhaja da na kallon fina-finai, waɗanda ƙarin mutum ɗaya ba ya rage musu kusan komai. Duk da haka Netflix ta daina ba da watan gwaji kyauta a Amurka a 2020. Ke awarki in ta wuce ta wuce, ba a ajiye ta a sayar gobe. Masu neman gwaji kuma ba sa zuwa a lokacin da jadawalinki yake fayau. Yamma suke so, da ƙarshen mako, lokutan da ɗalibai masu biya suke rububi a kansu.

Ga lissafi na misali, ki cire alƙalumana ki sa naki. Darasin awa 1, a haɗa da rabin awa na shiri da musayar saƙonni, ya zama awa 1 da rabi. A ce cikin mutum 4 da suka kama lokaci, 1 ne yake zama ɗalibi mai biya. Kin kashe awa 6 ke nan kafin ki samu ɗalibi guda. In ɗalibanki sukan zauna har darasi 40, awa 6 ba wani abin tayar da hankali ba ne. In kuwa darasi 8 suke yi su tafi, kamar masu shirin jarrabawa ko ganawar neman aiki, kin yi aikin awa 14 an biya ki na 8. Kuɗin awarki na haƙiƙa ya koma kashi 57 cikin 100 na abin da kika rubuta a shafinki. Da ganawar minti 20 ce da shirin minti 10, mutum 4 ɗin awa 2 za su ci miki, kuɗin awarki ya tsaya a kashi 80. Malamai da yawa suna kukan suna aiki ba dare ba rana amma ba sa ganin kuɗin, alhali ba su taɓa zama sun yi wannan lissafin ba.

Sai batun waɗanda kyauta take jawowa. A nan ina so mu yi adalci, domin maganar da aka saba yi, cewa mutum ba ya daraja abin da bai biya ba, rabin gaskiya ce. Akwai hujja a bayanta. Hal Arkes da Catherine Blumer sun wallafa wani gwaji a 1985 a kan masu sayen tikitin kakar wasan kwaikwayo a Jami'ar Ohio. An yi wa wasu ragi ba tare da sun nema ba, wasu suka biya cikakke. Waɗanda suka biya cikakke sun fi halarta a rabin farko na kakar, amma a rabi na biyu bambancin ya gushe. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna wani abu da ya fi wannan amfani gare ki. Nava Ashraf da James Berry da Jesse Shapiro sun yi gwaji a Lusaka ta ƙasar Zambiya da maganin tsabtace ruwan sha, aka buga sakamakon a 2010. Sun gano cewa farashi yana tace mutane ne: in ya ɗan hau, waɗanda ba su da niyyar amfani da kayan sai su janye, a bar masu niyya. Ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa biyan kuɗin ne da kansa yake sauya halin mutum ba. A shekarar dai, Jessica Cohen da Pascaline Dupas suka wallafa nasu a kan gidan sauro ga mata masu juna biyu a Kenya. Ɗan ƙaramin farashi ya rage masu karɓa da kusan kashi 60 cikin 100, kuma waɗanda aka ba su kyauta ba su gaza masu saye wajen amfani da shi ba.

Abin da wannan yake nufi a wurinki shi ne kuɗi rariya ce. Ga hukumar lafiya da take son gidan sauro ya shiga kowane ɗaki, rariyar cikas ce, gara a ba kowa. Ke kuwa awoyinki a ƙidaye suke, rariyar kike buƙata. Amma ki lura, tana tare mai niyya wanda ba shi da hali kamar yadda take tare ɗan kallo, shi ya sa ban ce ki toshe ƙofar kyauta ɗungurungum ba.

A fagen karatun intanet ma an ga haka. Justin Reich da José Ruipérez-Valiente sun duba kwasa-kwasan da jami'o'in MIT da Harvard na Amurka suka ɗora a dandalin karatu na intanet mai suna edX, suka wallafa a mujallar Science a 2019. A zangon 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na duk masu rajista suka kammala, amma cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kashi 46 suka kai ƙarshe. Wani binciken na 2015, na Hannes Datta da abokan aikinsa a kan masu biyan kuɗin talabijin na zamani, ya nuna cewa abin da kamfani yake samu daga abokin cinikin da ya shigo ta ƙofar gwaji kyauta ya gaza na sauran da kashi 59 cikin 100 a tsawon zamansa. Koyarwa ba talabijin ba ce, amma duk malamin da ya daɗe a wannan sana'a ya san irin wannan: wanda ya shigo don kyauta shi ne mai saurin fita.

Abokan sana'arki za su ce ai manyan dandamali duk suna yi. Ki duba da kyau ki ga abin da suke yi ɗin. A italki darasin gwaji na minti 30 ne, kuma malami ne yake sa masa farashi mai rangwame. A Preply ɗalibi yana biyan darasin gwaji, sai dai tsarin da suka daɗe a kai shi ne kamfanin ya riƙe kuɗin wannan darasin gaba ɗaya a matsayin la'ada, daga baya ya riƙa cire tsakanin kashi 33 zuwa 18 gwargwadon awoyin da malami ya tara. Wyzant ta Amurka tana karɓar kuɗi amma ta yi alƙawarin cewa in awar farko da sabon malami ba ta yi wa ɗalibi ba, ba zai biya ba. Superprof ta Faransa ce aka fi sani da darasin farko kyauta, amma a can ɗalibi yana biyan kuɗin rajista ga dandalin kafin ya iya tuntuɓar malamai. Kusan dukkansu sun tabbatar ɗalibi ya sa hannu a aljihu kafin ya zauna gaban malami. Su da suke riƙe da bayanan ɗimbin darussa ba su yarda da kyauta zalla ba. In kina aiki a ɗaya daga cikinsu, ki karanta sharuɗɗan da suke kai a yanzu, don sukan sauya, kuma kada ki ƙara wata kyautar a kan wadda aka riga aka cire daga jikinki.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba, ita ta fi damuna a matsayina na malami. Darasin da aka san na farauta ne yakan koma wasan burgewa. Malama ta san in ba a ji daɗi ba ba za a dawo ba, sai ta ɗauko mafi armashin abin da take da shi, ta yi ta yabo, ta kau da kai daga kurakurai. Ɗalibi ya tashi yana murna. Darasi na biyu ya zo da aikin gida da maimaici da gyaran nahawu, sai ya ga kamar an canza masa malama. An yaudare shi ba da niyya ba, kuma an ɗora dangantakar a kan tubalin toka. Darasin da aka biya yana ba ki damar faɗin gaskiya tun ranar farko.

Ita ganawar ta minti 20, ga yadda nake so ki tafiyar da ita. Kafin ki ba mutum lokaci, ki tura masa tambayoyi uku ko huɗu: me yake so ya cimma, zuwa yaushe, me ya taɓa gwadawa a baya, sau nawa a mako zai iya zama. A saƙon ki rubuta farashinki ƙarara. Wanda ya kasa amsa tambaya huɗu ba zai yi aikin gida ba, wanda kuma farashin ya fi ƙarfinsa gara ya sani tun kafin ku ɓata wa juna lokaci. Kwana ɗaya kafin ganawar ki tuna masa, ki nemi ya amsa da "ina nan".

In kun haɗu, minti 5 na farko nasa ne, ke saurare ne naki. Sannan ki auna shi. Ki ce ya ba ki labarin yadda ya yi jiya, da Turanci, ki riƙe alƙalami kina rubuta abin da kika ji ba tare da kin katse shi ba. A ce ya yi magana tiryan-tiryan amma duk aikatau ɗinsa a lokacin yanzu suke, bai juya ko ɗaya zuwa shuɗaɗɗen lokaci ba. Ki ɗora jimla biyu daga cikin nasa a allo, ki nuna masa inda matsalar take, ki gyara ɗaya, ki ce ya gyara ɗayar da kansa. Ki duba fuskarsa lokacin da ya gyara daidai. Wannan minti 5 ɗin sun fi awa guda ta lacca gamsar da mutum, domin ya ga an gano ciwonsa, kuma ya ji yadda karatu da ke yake. Daga nan ki faɗa masa matakinsa a ma'aunin harsuna na Turai, wanda ya fara daga A1 zuwa C2, ki ce masa misali: "Kana tsakanin A2 da B1. Abin da kake nema yana buƙatar B2. In za mu zauna sau 2 a mako, ga abin da za mu fara da shi a watan farko." Ki ƙare da tambaya kai tsaye: "Wace rana za mu sa darasin farko?" Malamai da yawa kunya take hana su wannan tambayar, su yi sallama da "sai na ji ka", kuma ba sa ji.

In yaro ne, ki sa sharaɗin uwa ko uba su kasance a ganawar. Su ne masu yanke shawara, su ne kuma suke da haƙƙin ganin wanda zai riƙa zama da ɗansu. Ki faɗa musu a nan ko kina naɗar darussa, ina kike ajiye su, da yadda za ki riƙa ba su rahoto. Minti 20 kuma ta yi daidai da kayan aikin da ba a biya, tunda Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40.

Wanda bai zo ba, ki jira minti 10, ki tura saƙo mai ladabi, ki rufe kwamfutarki. In ya ba da uzuri ki sake sa masa lokaci sau ɗaya. In ya nemi na uku, sai da kafin alƙalami.

Na san alƙawarin mayar da kuɗi yana ba malamai tsoro. Za ki ce wani zai sha karatu ya ce bai gamsu ba. Zai iya faruwa, amma ki kwatanta: a tsarin kyauta kowa ne yake tafiya da awarki, a wannan tsarin sai wanda ya buɗe baki ya nema. Mai yawon tsintar darussan banza ba ya son ya fara fitar da kuɗi, tun daga nan yake sauya hanya. Ki rubuta sharaɗin a fili, darasin farko kaɗai ya shafa, kuma a nema cikin kwana 2. In an nema ki mayar ba tare da ja-in-ja ba, ki tambayi dalili cikin mutunci, don amsar tana da amfani gare ki.

Inda nake sassautawa kuwa, na farko shi ne sabon malami wanda ba shi da shaidar kowa a shafinsa. Shi darasin kyauta sayen suna ne, kuma yana koyon sana'ar a ciki. Amma ya sa iyaka tun farko, ya ce ɗalibai 10 na farko ko wata guda, ya roƙi kowannensu ya rubuta ra'ayinsa na gaskiya, in adadin ya cika ya tsaya. Na biyu shi ne ajin rukuni. In kina koyar da mutum 6 a lokaci ɗaya, na 7 ya zauna ya saurara sau ɗaya bai rage miki komai ba, muddin 'yan ajin sun amince. Haka darasin da aka naɗa a bidiyo: ki yi na minti 10 mai kyau sau ɗaya, ki bar shi a shafinki, dubban mutane su gwada ki kina barci. Wannan ita ce kyautar da ta dace da intanet.

Na uku ya fi su muhimmanci a wurina, kuma ba na so a cakuɗa shi da talla. Akwai ɗalibi mai ƙwazo wanda da gaske ba shi da abin biya. Darasin gwaji guda bai amfane shi da komai ba, an ɗanɗana masa ne aka janye. In kina da niyyar taimako, ki ware gurbi ɗaya ko biyu a jadawalinki, ki ɗauki wanda ya cancanta ki koyar da shi zango cikakke kyauta ko da ragi mai yawa, da sharaɗin halarta da aikin gida kamar kowa. Awoyin da kike rabawa baƙi 8 a wata, waɗanda ba za ki sake gani ba, sun isa su kai mutum ɗaya wani mataki a rayuwarsa.

Za ki haɗu da wanda zai ce malami wane yana bayarwa kyauta, ke me ya sa. Kada ki kushe kowa, kada kuma ki shiga dogon bayani. Ki ce masa: "Ganawarmu ta farko kyauta ce, a ciki za ka ga yadda nake koyarwa, ni ma in san inda kake. Darasin farko ana biya, in bai yi maka ba kuɗinka na nan." Mai niyya wannan ya ishe shi.

Tunda kin riga kin gwada tsarin kyauta, kina da abin kwatance a hannu. Ki koma cikin saƙonninki na watannin baya ki ƙirga mutum nawa suka kama lokaci, nawa suka zo, nawa suka biya daga baya, kuma darasi nawa kowannensu ya yi kafin ya tafi. Sannan ki bi sabon tsarin wata 3 kina rubuta waɗannan abubuwa huɗu. Masu tuntuɓarki za su iya raguwa a makonnin farko, kada wannan ya firgita ki. Lambar da za ki duba ita ce awoyin da aka biya ki idan aka raba su da dukkan awoyin da kika yi aiki. In bayan wata 3 tsohon tsarin ne ya fi ba ki a wannan ma'aunin, kuma ɗaliban suna zama, to ki koma masa, amma ki rage shi zuwa minti 30 ki kuma cire shi daga lokutan yamma.